Jinjina ga Masu Farfaɗo da Tsofaffin Kaset

A Zuru ba a rasa gidan tsohon soja ko malamin makaranta mai akwatin kaset a ƙarƙashin gado. Wasu an ɗauke su ne da rikoda a tsakiyar taro: gangunan bikin Uhola na Dakarkari, ko wasan Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo a gidan biki, da guɗar mata da kirarin maroƙa duk a ciki.

Yau jinjinarmu ga samarin da ke ceto waɗannan muryoyi. Aikin na mai haƙuri ne. Sai a goge kan rikoda da auduga, a liƙe zaren da ya tsinke, a naɗe shi da biro, sannan a juye sautin cikin kwamfuta. A can ake rage shuuu ɗin kaset, a daidaita gudun da raunin batir ya karkatar, a ɗaga muryar mawaƙi sama da hayaniya. Gwani ya san inda zai tsaya, domin in aka wanke sauti fiye da kima, kalangu kan rasa zaƙinsa, amshi ya dusashe.

A Amurka, ƙungiyar mawaƙa ta Grateful Dead ta fara ware wa masu ɗaukar sauti wuri a wasanninta a 1984. Namu masu ɗaukar sautin kuwa ba wanda ya tanadar musu komai, ƙauna ce kawai. Shata ya rasu a 1999, amma albarkacin waɗannan samari jikoki na jin sa a waya, har da tafin 'yan kallo.