Jinjina ga Masu Ƙunshin Unguwa Uku

Jan farce mai launin murjani ya cika shagunan kayan kwalliya daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni. Kyau kam yana da shi, sai dai yana hana ruwan alwala taɓa farce. Nan masu ƙunshi suka yi masa fintinkau.

Ki dubi mai lallen Unguwa Uku ranar jajibirin Sallah: ta tankaɗe gari, ta kwaɓa da lemon tsami, ta yanka salatif siri-siri ta liƙa a yatsu, ta shafa, ta ɗaure da leda. In ja mai haske kike so, ta san lokacin kwancewa kafin ya rine. Alwalarki kuma lafiya lau.

Mata, a biya su ladan aikinsu ba ja-in-ja.