3.4 Sharhi a Kan Rediyon Sutatenza

Masana da dama suna ɗaukar Rediyon Sutatenza, wanda Fada José Salcedo ya kafa a ƙasar Kolombiya a shekarar 1947, a matsayin mafarin rediyon al'umma. Babu shakka gidan ya koya wa manoma karatu da rubutu da lissafi. Sai dai a ra'ayin wannan nazari, akwai gyara a maganar. Da gidan ya bunƙasa, daga birnin Bogota ake tsara darussa, manoma kuwa nasu sauraro. A ƙasar Bolibiya kuwa, masu haƙar kuza ne suka riƙe gidajen rediyonsu da kuɗin albashinsu, suna faɗin kukansu da bakinsu. Saboda haka, ma'aunin rediyon al'umma shi ne wanda ya mallake shi da wanda ke magana a cikinsa.