Ido da Hannu: Sharhi a kan Gama Littafin Hoto da Aikin Hannu, Bisa Misalin Sharabi

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada wadda ta zama jiki ga malaman ƙananan yara, watau idan an ƙare karanta musu littafin hoto, sai a ba su wani ɗan aikin hannu da ya danganci labarin, su yanka, su liƙa, su gina. Kowanne daga abubuwan nan biyu yana da tsohon asali. Tun 1658 Comenius ya buga littafinsa Orbis Pictus, inda ya jera hoto da sunan abu domin yara. Froebel kuwa, Bajamushen nan da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna a 1840, shi ya sa naɗin takarda da ginin yumɓu da saƙa cikin aikin yini. Daga baya ne aka gama su wuri ɗaya. Yau duk malamin da ya ke da waya a hannu yana iya ganin misalan wannan dabara ba iyaka, kuma ba wuya ta ba shi sha'awa. Abin da ya kamata malaman kolejojin horo su bincika shi ne, shin tana da amfani ga yaran ƙasar nan, kuma bisa wane sharaɗi?

Ba a gane ingancin dabarar koyarwa a makarantar birni inda kome ya wadata. Saboda haka sai a auna ta da Sharabi, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, jihar da aka cire daga Sakkwato a 1991. Ƙasar Bagudo tana cikin masarautar Gwandu, kogin Kwara ya ratsa ta, ta kuma yi iyaka da Jamhuriyar Benin, wadda a ke kira Dahome kafin 1975. Ƙasa ce ta noma da kiwo da su. Hausa ita ce harshen kasuwa, amma a gidaje da yawa na wannan yanki da Fulatanci a ke tashi, ko Dandanci, ko Kyanganci, ko Busanci. Wanda ma ya tashi da Hausa, ta yamma ce a bakinsa: shi yana cewa munka tahi, littafi yana cewa muka tafi, gama Hausar littafi, wadda Hukumar Hausa ta 1955 ta yi aikin daidaita rubutunta, ta fi karkata ga ta Kano. Watau yaro na farkon aji a nan baƙo ne ga littafinsa ta fuska biyu ko uku.

Aikin hannu dai ba sabon abu ba ne a makarantun Arewa. Sa'ad da Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantunsa a Nasarawa ta Kano a 1909, akwai sashen sana'a a ciki, inda a ke koyon dukanci da ƙira da aikin kafinta. Takardar manufar ilmi da aka fitar a London a 1925 ita ma ta ce lalle ilmi ya dace da sana'o'i da al'adun mutanen ƙasa. Amma fa tun daga tushe an raba gari: masu karatu daban, masu sana'a daban, kuma kowa ya san wanda ya kan zama akawu a cikinsu. Da tafiya ta yi nisa, sai darasin aikin hannu ya lalace a makarantu da yawa, ya koma yaro ya kawo tsintsiya ko mafici ran ƙarshen zango, sau da yawa ma daga kasuwa aka sayo, a ba shi maki. Wanda ya ke so ya maido da aikin hannu cikin darasin karatu, sai ya san da wannan mugun suna zai fara kokawa, wajen iyaye da wajen malamai duka.

Littattafan su ma ba su taimaka ba. Ofishin Talifi na Zariya, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da NORLA wadda ta yi aiki daga 1953 zuwa 1959, sun yi wa Hausa hidimar da ba a mantawa. Sai dai littattafan makaranta na wannan zuriya, irin su Ka Koyi Karatu da Magana Jari Ce, magana ce jarinsu, kamar yadda sunan ya nuna. Zane a cikinsu bara ne, yana bin rubutu a baya. In an cire shi labari ba ya raguwa da kome. Littafin hoto na sosai kuwa shi ne wanda hoto ya ke ɗauke da rabin labari, har yaron da bai san baƙi ko ɗaya ba ya iya bin sa daga bango zuwa bango. Wanda ya fi kusa da gane cewa labari yana bukatar jiki ya motsa shi ne Ibrahim Yaro Yahaya, da ya gama tatsuniya da wasa a jerin Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Shi wasa ya gama da labari, ba sana'a ba, amma hanyar ke nan.

Na baya-bayan nan iri biyu ne. Akwai littattafan koyon karatu irin Mu Karanta!, waɗanda aka shirya wa jihohin Bauchi da Sakkwato ƙarƙashin wani shiri na taimakon Amurka da ya fara a 2015. An gina su ne domin yaro ya haɗa baƙi da wasali, ya yi gaɓa, ya yi kalma, an kuma tsara wa malami darasi daki-daki. Wannan aiki ne mai kyau, ba kuwa laifi ba ne a ce ba domin aikin hannu aka yi su ba. Akwai kuma taskokin intanet irin African Storybook, wadda aka buɗe daga Afirka ta Kudu a 2014, inda kowa ya ke da izinin ya sauke littafi, ya fassara, ya buga. A nan ne a ke samun littafin hoto na sosai da Hausa. Amma fassara rubutu kaɗai ta ke juyawa, hoto yana nan yadda mai zane ya bar shi. Sai a ga Hausa a ƙasan shafi, a samansa kuwa ɗaki da tufa da tukunyar wata ƙasa. Ba aibi ba ne yaro ya ga duniya, har ma ana so. Sai dai in aka ce ya gina abin da ya gani, to, an ba shi aiki biyu, ga gane baƙon abu, ga yin sa.

A nan ne ya kamata a duba dalilin da ya sa dabarar ta zauna daram a Amurka. Littafin da aka fi yin misali da shi, The Very Hungry Caterpillar na Eric Carle, wanda ya fito a 1969, hotunansa da takarda mai laushi aka yi su, wadda aka shafa wa launi, aka yanka, aka liƙa. Saboda haka yaron da aka ba almakashi da gam da takarda mai launi, sana'ar mai littafin ya ke maimaitawa da kayan da ke zube a gidansu. Malamin Sharabi da ya kwaikwayi wannan sak, ya aika birni a sayo masa takarda da gam, ya ɗauki ɓawo ya bar ƙwaya. Ƙwayar ita ce a yi aiki da abin da hannun yaro ya riga ya sani.

Akwai shaida a kan haka, daga binciken da aka yi a wasu ƙasashen Afirka. A 1960 William Hudson ya nuna wa mutane a Afirka ta Kudu wani zane: maharbi riƙe da mashi, ga barewa, ga kuma giwa an zana ta ƙarama a tsakaninsu domin a nuna tana can nesa. Ya tambaye su wace dabba maharbin ya nufa. Da yawa suka ce giwa, sai aka ɗauka ba su iya ganin nisa a hoto ba. A 1968 Jan Deregowski ya sake gwaji a Zambiya, amma maimakon tambaya da baki kaɗai, sai ya ba mutane tsinkaye da yumɓu, ya ce su gina abin da su ke gani a zane. Ashe da yawa daga waɗanda suka faɗi gwajin Hudson sun gina abu mai tsawo da faɗi da zurfi. Sa'an nan a 1979 Robert Serpell ya gwada yaran Lusaka da na Manchester wajen kwaikwayon siffa. Da fensir da takarda yaran Ingila suka fi. Da waya yaran Zambiya suka fi, gama sun saba ƙera motocin wasa da ita. Da yumɓu kuwa aka yi kunnen doki. Duk wanda ya taɓa ganin yaran ƙasar Hausa suna haɗa mota da tabarau daga ɓawon kara da totuwa, ko suna gina shanu masu tozo da laka, ya san inda wannan magana ta dosa. Yaron da malami ya tambaya me ya gani a hoto ya yi shiru, mai yiwuwa ne ba fahimta ya rasa ba, Hausar amsawa ya rasa, ko kunya ta hana shi. A ba shi kara, sai a ga abin da ke cikin kansa. Aikin hannu a nan jarrabawar fahimta ce wadda ba ta zaluntar ɗan Fulani ko ɗan Kyangawa.

Masu nazarin harshe kuma suna da rabonsu a ciki, watakila ma su suka fi. Tun 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, kuma duk malamin da ya koyar da wannan a koleji ya san wahalarsa a kan allo. Amma yaro mai kara a hannu yana ratsa azuzuwan nan bai sani ba. An ce ya tsaga kara, ya tsaga. Ya matsa da ƙarfi, kara ya tsage. An ce ya tsago wani ya kawo. Ya gwada busasshe, ya ce ya tsagu. Ya ɗaura zare a kara, sa'an nan ya ɗaure kara da zare, ya ji bambancin a yatsunsa. Ya karya, abu ya karye. Ga wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce, babu hoton da zai koya masa bambancin liƙa da liƙe kamar danƙo a hannu. Littattafan karatu sun cika da sunaye, gama suna shi ne mai sauƙin zanawa: akuya, bante, ciki, doki. Aikatau kuwa sai an aikata.

To, amma ba kowane aikin hannu ne ya cancanci wannan yabo ba. Mafi yawan misalan da a ke gani ado ne kawai: an karanta labarin kifi, sai a yanka kifi a shafa launi. Yaron da ya yi barci lokacin karatu ma zai iya. Aikin da ya dace shi ne wanda ya kama ƙullin labari, har ba ya yiwuwa sai an fahimce shi. A ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki, inda hankaki suka ara wa Gizo gashi ɗaya ɗaya domin ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi, ya yi musu handama, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi can. Ga yaran da ke kusa da Kwara, wannan labarin gida ne. In aka ce kowane yaro ya zana Gizo, ba a yi kome ba. Amma a kafa totuwa ɗaya a tsakiya, kowane yaro ya kawo gashin kaza ko na zabo ya soka, har fukafukai su cika. Sa'an nan, in labari ya kai wurin, kowa ya zo ya zare nasa, yana faɗin dalilinsa. Sa'ad da totuwa ta koma tsirara a gabansu, ba sai an yi musu dogon bayani a kan zanen aro da katara ba. Ga lissafi kuma ya shigo ba a gayyace shi ba, gama an ƙirga gashi wajen sakawa, an ƙirga wajen cirewa.

Akwai abubuwan da za a ce, kuma masu faɗinsu ba su yi ƙarya ba. Ajin da ya cika maƙil, malami ɗaya, wuƙa ko reza a hannun ɗan shekara shida, wannan hatsari ne. Tilas a zaɓi aikin da yatsa ya isa, a bar fira ga malami. Lokacin karatu kuma kaɗan ne, in aikin hannu ya cinye shi an yi asara, gama yaro ba zai iya karatu da ginin laka ba. Sau ɗaya a mako ya isa. Sai batun siffar abu mai rai, wanda wasu iyaye za su ƙi saboda addini. Malaman Malikiyya sun tsananta a kan mutum-mutumi mai inuwa, ko da ya ke sun yi rangwame ga 'yar tsanar yara mata. Malami mai hankali ba zai ja da iyaye a kan wannan ba, alhali kuwa ga kwalekwale, ga rumbu, ga gora da koma, ga faifai, duk suna cikin labarai, ba kuwa mai cewa kome a kansu.

Abin da ya rage ya rataya ne a wuyan masu shirya littattafai da kolejoji irin ta Adamu Augie da ke Argungu, inda a ke horar da malaman jihar. Mai zane ya kamata ya zana abu yadda za a ga ginuwarsa: a ga inda aka ƙulla jinka, a ga saƙar kaba, kada ya shafe da launi ɗaya don kyan gani. Jerin littattafai kuma ya bi shekarar manomi. Zangon farko yana kamawa cikin kaka, lokacin da kara da totuwa su ke zube a kowace gona, sai a sa labaran da ke bukatarsu. Da rani, in ruwa ya janye daga fadama, laka ta samu, ga rana mai busar da gini kafin a tashi daga makaranta. Zango na uku yana faɗawa farkon damina, yara da yawa suna gona da safe, laka ba ta bushewa, kara ya ƙare a danni da murhu. Nan sai a koma ga kaba da igiya, waɗanda a ke iya ajiyewa a rataye a ci gaba da su wani mako.