2.3 Ma'anar Kalmar Gayya da Yadda Ake Amfani da Ita

Ƙamusun Bargery (1934) da na Abraham (1949) duk sun kawo kalmar gayya da ma'anar aikin da jama'a ke taruwa su yi wa mutum guda. Wannan bayani daidai ne, sai dai ya tsaya ga taron da aikin, alhali nauyin kalmar yana ga kiran. Ita ce ta haifar da gayyata. Shi ya sa ake kiran wanda ya zo taro ba a kira shi ba ɗan gayyar soɗi, wato ko da ya ci tuwo, ba ya cikin lissafi.

Idan aka duba gayyar noma za a ga haka a fili. Manomin da ciyawa ta fi ƙarfinsa yakan aika wa maƙwabta da abokai, ya sa rana, ya tanadi fura da tuwo da goro, wani lokaci har da makaɗan noma. Ba a biyan kowa lada. Amma duk wanda ya zo da fartanyarsa ya ɗora wa mai gona bashi ke nan, domin ranar da shi ma ya yi kira dole a amsa masa. Wanda ya saba ƙin zuwa kuwa, ran da ya kira tasa gayyar sai ya ga gona wayam. A nan gayya ta bambanta da ƙwadago, inda ake biyan kuɗi a rabu, ta kuma bambanta da gandu, wanda aikin 'yan gida ɗaya ne a ƙarƙashin maigida. Ko gayyar da saurayi ke kai wa gonar surukinsa ba ta fita daga wannan tsari ba, don abokan da ya ɗebo suna jiran nasu auren.

Inda matsala take shi ne gayyar da sarki ko hakimi kan sa a yi masa a gonarsa. Sunan ɗaya ne, amma talaka ba shi da ikon ƙin zuwa, ba ya kuma sa ran ranar da hakimi zai zo tasa gonar. Marubucin da ya haɗa wannan da gayyar maƙwabta a matsayin shaidar zumuncin Bahaushe ya yi kuskure.

A birane kuma ana jin ƙungiyoyin aikin gayya masu yashe magudanan ruwa da gyaran maƙabarta. A nan babu mai gona, amfanin na unguwa ne baki ɗaya, kuma ladan da ake fata na Allah ne.