Lambun Cikin Ruwa: Nazarin Dasa Tsirrai a Akwatin Kifi

Shirya lambu a cikin akwatin gilashi fasaha ce da ta haɗa noma da kiwo da ado. Ana shimfiɗa ƙasa, a jera duwatsu da itace, a dasa tsirrai, a cika ruwa, sai daga ƙarshe a saki ƙananan kifaye. Salo biyu ne suka fi tashe a duniya. Na Holand, wanda ya taso tun shekarun 1930, yana jera tsirrai rukuni-rukuni bisa launi da tsayi. Ɗayan kuma na Takashi Amano ne, mai ɗaukar hoto ɗan Japan (1954–2015), wanda ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982, ya koyar da kwaikwayon daji da bakin rafi.

Duka biyun an raine su ne a ƙasashe masu sanyi, inda wuta ba ta ɗaukewa. Suna dogara da fitila mai ƙarfi, da tukunyar iskar kabon, da matatar ruwa mai aiki dare da rana. Wanda ya kwafo wannan tsari ɗungurungum zuwa Jega ko Aliero ko Maiyama zai yi asara, domin yawancin tsirran suna son ɗumin ruwa tsakanin digiri 22 zuwa 28, alhali a bazara zafin Kebbi yakan haura 40. Haka kuma gogewar mai kiwon tarwaɗa a tankin siminti ba ta wadatarwa a nan. Shi nauyin kifi yake nema, a lambun ruwa kuwa daidaito ake nema tsakanin haske da tsiro da kifi.

Abin da ya dace da yankin shi ne tsari mai sauƙi. Akwati mai tsawon santimita 60 da faɗin 30 da tsayin 36 yana cin kusan lita 65, wato kilo 65 kafin a ƙara yashi da dutse, don haka tebur mai ƙwari yake so, a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga. Babban akwati ya fi ƙarami aminci, saboda ruwa mai yawa ba ya saurin ɗaukar zafi. A ƙasa ana shimfiɗa laka kaɗan wadda ba ta da taki ko maganin feshi, a rufe ta da wankakken yashin gulbi, a tudunta baya fiye da gaba. Ruwan famfo mai kulorin sai ya kwana a buɗe kafin a zuba, kuma a kan faranti ake kwarara shi don kada ya tono lakar.

Wajen tsirrai ne yankin ya fi samun gata, ko da yake ba a cika lura ba. Badon da ke fadamun Gulbin Zamfara dangin wanda ake sayarwa da tsada ne a shagunan Turai. Idan ana tsinke ganyen da ya miƙa sama, sai ya riƙa fitar da gajerun ganye a ƙarƙashin ruwa. Kainuwa tana yi wa kifi inuwa, jijiyoyinta na zuƙe dattin ruwa, amma sai ana rage ta, in ba haka ba ta rufe haske. Anubias barteri, tsiron da kusan kowane mai wannan sha'awa ya sani, ɗan Afirka ta Yamma ne, an sa masa sunan Charles Barter da ya tattara tsirrai a wata tafiyar bincike ta kogin Kwara daga 1857. Ba a binne saiwarsa mai kauri, ruɓewa take yi. Da zare ake ɗaure ta a jikin dutse har ta kama.

Babban kuskuren sabon shiga shi ne gaggawar sa kifi. Kashin kifi yana sakin amoniya mai kisa, sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun zauna a yashi da matata su mayar da ita naitrait, sannan naitret wanda tsirrai ke ci. Wannan yana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Manomin albasa a Aliero ya san ba a cire iri daga reno kafin ya yi ƙwari, to haka ruwan nan yake. A wannan tsakani gansakuka takan bayyana, maganinta a taƙaita fitila zuwa awa 6 a rana, a riƙa sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk mako.

Zaɓin kifi ma yana son lura. Tarwaɗa tana tumɓuke shuka ta cinye ƙanana, karfasa tana tona yashi tana cin ganye, minjirya kuwa ba a haɗa ta da kowa. Ƙananan kifaye kaɗan, da ƙaramin kurungu a babban akwati, sun fi zama lafiya da tsirrai. Tun da iskar numfashi tana raguwa a ruwa mai zafi, ƙaramin famfon iska mai aiki da sola ya fi kowane kayan ado muhimmanci daga Maris zuwa Mayu, musamman da dare, lokacin da tsirrai su ma suke shaƙar iskar.