Wa ke da kasuwar da ke cikin salularka?

Yau zancen salula za mu yi. Ba sai an gaya maka amfaninta ba. A da, in ɗanka ya tafi biɗa Abijan ko Legas ko Aljeriya, sai ka shekara ba ka ji muryarsa ba, sai dai saƙon baki, ko wasiƙar da za ka kai wa malami ya karanta maka. Yanzu kana zaune gindin bedi kana jin kuɗin albasa a Galmi da kuɗin wake a Maraɗi. Wanda bai iya rubutu ba ma, ya danna ya yi magana, saƙo ya tafi. Wannan alheri ne. Duk mai cewa salula aikin shaiɗan ce kawai, bai taɓa jiran labarin ɗansa wata shida ba.

Amma akwai wata magana da ake yawan yi a fada da bakin kasuwa, wadda ya kamata mu ɗora a sikeli. Ana cewa Facebook da WhatsApp kyauta ne, kati kawai mutum ke saye. Wasu har godiya suke yi wa masu su, kamar wanda ya gina rijiya sadaka. Ni ban yarda ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mu fara da sanin masu abin. Salular da ke hannunka, in Tecno ce ko Itel, kamfani guda ya ƙera su, sunansa Transsion, yana birnin Shenzhen na ƙasar Sin. In babba ce mai shafawa, tsarin da ke tafiyar da ita, Android, na kamfanin Google ne na Amurka. Facebook da WhatsApp da Instagram kuwa duka na kamfani ɗaya ne, Meta, wanda Mark Zuckerberg ke shugabanta. Shi ya kafa Facebook a 2004 yana ɗalibin jami'a. A 2014 ya yi cinikin WhatsApp a kan dala biliyan 19, wato miliyan dubu 19. Dalar Amurka fa nike nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba; guda ɗaya tata ta haura sefa 500.

Ma'aikatan WhatsApp a lokacin su 55 ne kacal. Ba su da gona, ba su da ma'adini, ba su da masaƙa. To me aka saya da wannan dukiya? Mutane aka saya. A lokacin mutum miliyan 450 ke aiki da shi.

Ga yadda kuɗin ke shigowa. Ka san mai shela a kasuwa: a biya shi, ya zagaya yana faɗin hajar wani, kowa ya ji, mai buƙata da marar buƙata. Facebook mai shela ne shi ma, amma irin wanda ke bin ka har gida. Ya san shekarunka da garinka da abokanka. Ya san hoton da ka tsaya kallo da wanda ka wuce. Da wannan sani yake zuwa wurin ƴan kasuwa ya ce musu: ku biya ni, in kai tallarku ga wanda zai saya kawai. A yi adalci, abin da ka faɗa cikin saƙon WhatsApp a kulle yake tun 2016, kamfanin ba ya jin sa. Amma ya san lambarka, ya san waɗanda kake hulɗa da su. A 2023 Meta ya samu kusan dala biliyan 135, kusan duka daga talla. Abin da Nijar gaba ɗaya ta samar a wannan shekara, da hatsinta da dabbobinta da uraniyom ɗinta, bai wuce biliyan 17 ba. Kamfani guda ya ninka ƙasa wajen sau takwas.

Da a ce sabulu da shayi kawai ake tallatawa, da ban ɓata maka lokaci ba. Amma wanda ya iya sayar maka da sabulu ta wannan hanya, ya iya sayar maka da ɗan takara.

A 2014 wani malamin jami'ar Kambirij ta Ingila, Aleksandr Kogan, ya saka wani wasan tambayoyi cikin Facebook, wai don mutum ya san halinsa. Mutum wajen 270,000 suka amsa. Sai dai ƙofar da Facebook ya bari a buɗe ta ba shi damar kwashe bayanan abokansu ma, waɗanda ba su san ana yi ba. Facebook da kansa ya ce abin zai iya kai mutum miliyan 87, wato mutanen Nijar sau uku. Bayanan suka faɗa hannun wani kamfani mai suna Cambridge Analytica, wanda sana'arsa ita ce taya ƴan siyasa neman ƙuri'a. Ya yi wa Donald Trump aiki a zaɓen Amurka na 2016.

Dabarar ita ce a gano abin da kowane mutum ke tsoro, a aika masa da maganar da za ta taɓa wannan tsoro. Maƙwabta biyu, kowa da irin saƙonsa, babu wanda ya ga na ɗan'uwansa. Ka lura da bambancin. A dandali, in ɗan takara ya yi ƙarya, gari duka ya ji, ba a rasa dattijon da zai tashi ya ce ba haka aka yi ba. A nan kuwa raɗa ake yi wa kowa a kunne, shi kaɗai, cikin ɗakinsa.

Asiri ya tonu a watan Maris na 2018, da wani tsohon ma'aikacin kamfanin, Christopher Wylie, ya buɗe baki ga jaridu. Aka ɗauki manyan kamfanin a asirce suna alfahari cewa su suka tafiyar da yaƙin neman zaɓen Uhuru Kenyatta a Kenya a 2013 da 2017. Jaridun Ingila suka ba da labari kuma cewa a zaɓen Najeriya na 2015 wani attajiri mai goyon bayan Goodluck Jonathan ya ɗauke su aiki, aka yaɗa wani bidiyo mai ban tsoro don mutane su guji Muhammadu Buhari. Ka san yadda ta ƙare: Buhari ne ya ci. A nan na rabu da masu cewa kamfanonin nan matsafa ne, wanda suka so shi ke hawa. Ba haka ba ne. Mutumin da ya san halin da yake ciki, bidiyo ba ya juya shi kamar waina.

Ɓarnar da ta fi tabbata a wani wuri take, kuma ta fi muni. A watan Yuni na 2018 aka yi rikici a jihar Filato ta Najeriya. Hotunan gawarwaki suka cika Facebook, ana cewa ga abin da waɗancan suka yi wa namu. Binciken BBC ya nuna cewa ɗaya daga cikin bidiyoyin ba a Najeriya ma aka ɗauke shi ba, a Kongo ta Barazabil ne, tun 2012. Ƴan sandan jihar suka ce irin waɗannan hotuna sun ƙara wa wutar mai, an kashe mutane a kan hanya. A lokacin binciken na BBC, masu tantance ƙarya da aka ware wa Facebook a Najeriya su huɗu ne, don mutum miliyan 24, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. A ƙasar Myanmar, wadda a da ake kira Bama, Musulmin Rohingya fiye da 700,000 suka gudu zuwa Bangladash a 2017, bayan an shekara da shekaru ana zaginsu a Facebook. A 2018 kamfanin ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba don hana wannan.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Na'urar da ke zaɓar abin da za ka fara gani an gina ta ne don ta riƙe ka, domin daɗewarka ita ce ribarsu. Abin da ya fi riƙe mutum kuwa shi ne abin da ya tayar masa da hankali. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fito da takardun cikin gida da suka nuna masu binciken kamfanin sun san da haka. Saboda zancen Cambridge Analytica, hukumar Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5 a 2019. Kuɗi ne masu yawa, amma ba su kai cinikinsa na wata ɗaya ba a wannan shekara.

Yanzu mu shiga fadar masu mulki, don nan ne abin ya fi damuna. A Janairu na 2021 Facebook da Twitter suka rufe bakin Trump, alhali yana kan kujerar shugaban Amurka. Wasu suka yi tafi. Amma ka tsaya ka yi tunani: ƴan kasuwa ne suka hana shugaban ƙasa magana, ba alƙali ba, ba majalisa ba. Shekara huɗu bayan haka iska ta juya. Elon Musk, mai kamfanin motoci na Tesla, ya sayi Twitter a 2022 a kan dala biliyan 44, ya sake masa suna X. A zaɓen 2024 ya kashe fiye da dala miliyan 250 don Trump ya ci. Ranar rantsuwa, 20 ga Janairu na 2025, aka ga Musk da Zuckerberg da Jeff Bezos mai Amazon da shugaban Google a sahun gaba, gaban waɗanda za a naɗa ministoci. Meta ɗin da ya rufe bakin Trump jiya, shi ne ya ba da gudummawar dala miliyan ɗaya don bikin. Jiya da yau duka, riba suke bi.

Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Trump ya ba Musk aikin rage kashe kuɗin gwamnati, ya riƙe shi har watan Mayu na 2025. Cikin abin da suka fara faɗa wa akwai USAID. Ko ba ka san sunan ba, ka san buhunan abinci masu hoton hannu biyu suna gaisawa. Hukumar ta daɗe tana kawo abinci da magani ƙasashen Afirka, har da Nijar. A farkon watan Yuli na 2025 aka rufe ta. Ana iya gardama a kan taimakon waje, akwai masu cewa gara mu tsaya da ƙafarmu, kuma maganarsu tana da ƙanshin gaskiya. Abin da ba ya cikin gardama shi ne, babu wanda ya jefa wa Musk ƙuri'a ko ɗaya, a can ko a nan.

Kada ka ɗauka wannan sabon abu ne a duniya. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba wani kamfanin ciniki, Royal Niger Company na George Goldie, takardar izinin mulki a bakin Kwara da Binuwai. Manja ya zo saye, amma ya tara sojoji nasa na kansa, a 1897 ya ci Bida da Ilori da yaƙi. A 1900 gwamnati ta biya shi ta karɓi ƙasar, a 1903 aka ci Kano da Sakkwato. Kamfanonin yau ba su da bindiga, ban ce za su ci gari ba. Amma hanyar da magana ke bi tana hannunsu, kamar yadda hanyar kogi ta kasance hannun wancan.

Dubi Starlink, intanet mai saukowa daga taurarin ɗan'adam, wanda shi ma na Musk ne. Ya fara aiki a Najeriya a 2023, a Nijar a 2025. Ga ƙauyen da ba shi da eriyar salula, abin murna ne. Sai dai a 2022, ana cikin yaƙin Yukiren da Rasha, sojojin Yukiren suka roƙi a kunna musu Starlink kusa da Kirimiya don su kai hari, Musk ya ƙi. Shi da kansa ya faɗi haka daga baya. Ko ya yi daidai ko bai yi ba, mutum ɗaya ne ya yanke hukunci a yaƙin ƙasashe biyu.

Manyan ƙasashe sun gane wannan sarai, in abin ya zo kansu. TikTok da yaranmu ke kwana kallo na kamfanin ByteDance ne na ƙasar Sin. Indiya ta hana shi a 2020. A 2024 majalisar Amurka ta yi doka cewa ko a sayar da shi ko a rufe shi, don tsoron kada Sin ta riƙe bayanan Amurkawa ta riƙa zaɓa musu abin gani. Ashe abin da suke gaya mana ba kome ba ne in nasu kamfani ya yi, abin tsoro ne in na wani ya yi musu.

Akwai waɗanda suka gwada taka wa kamfanonin burki. A 2016 Indiya ta ƙi wani intanet na kyauta da Facebook ya kawo mata, don shi ne zai zaɓi shafukan da talaka zai buɗe. A 2023 Tarayyar Turai ta ci Meta tarar yuro biliyan 1.2 saboda kwasar bayanan mutanenta zuwa Amurka. Maƙwabtanmu ma sun taɓa: a watan Yuli na 2024 hukumar kare masu saye ta Najeriya ta ci Meta tarar dala miliyan 220, ta ce yana aiki da bayanan ƴan ƙasa ba da yardarsu ba. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, a Afrilu na 2025 kotu ta tabbatar da tarar. A 2024 Meta ya samu dala biliyan 164. In ka raba wannan a kan kwanakin shekara, tarar Najeriya cinikin rabin yini ce.