Jinjina ga Makaɗan Dambe

Duk wanda ya kalli fim ɗin Rocky na 1976 yana tuna Sylvester Stallone yana hawan matakala a guje a birnin Filadelfiya. Cire kiɗan Bill Conti, abin da zai rage mutum ne kawai yana haki.

Makaɗan dambe sun daɗe da sanin wannan sirri. Daga Karshi har gidan damben Dei-Dei, tambayi ɗan kallo abin da ke tayar masa da tsikar jiki. Ɗan dambe na zaune ana naɗa masa zare a hannu, jikinsa sanyi ƙalau. Sai kalangu ya ɗauko takensa. Nan take ya miƙe, tsuma ta kama shi, ya ɗaga hannu yana kirari, ƙura na tashi, tun bai kai naushi ko ɗaya ba. Wannan aiki ne na gwanaye, domin kowane gwarzo da takensa, kuma makaɗi a ka yake riƙe su.

Ɗan damben nan Shago jarumi ne, babu musu, amma muryar mawaƙinsa Ɗan Anace ce ta kai sunansa gidajen da ba a taɓa ganinsa ba.

Masu shirya finafinan Kannywood, in za ku nuna ɗan wasa yana atisaye, ku nemi masu kalangu, ku biya su haƙƙinsu.